Garkuwar Ƙwari a Goshin Jif

Duk wanda ya tuƙa jif da magariba daga Ƙaraye zuwa Rogo cikin damina ya san aikin ƙwari. Fitila na haskawa, shinge da fara na faɗowa kan gilashi, musamman kusa da madatsar ruwan Challawa. Ka kunna waifa, ta ƙara dama maka kunu.

Akwai wata doguwar roba mai tauri da ake ɗaurawa a bakin bonet. Aikinta ta ɗaga iska sama, ƙananan ƙwari su bi ta saman mota. Sai da gudu take wannan aiki; a hanyar da ramuka suka hana sauri, amfaninta ya koma kare fenti daga tsakuwa. Ni dai a ganina wannan ma ya isa dalilin saye.

In za ka nema a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da motar, domin bonet ɗin Prado daban, na Highlander daban. Zaɓi mai maƙalewa da ƙugiya, kada ka bari a huda maka ƙarfe, tsatsa ce za ta biyo baya. Kuma ranar wanki a zuba ruwa ƙarƙashinta, nan ƙura ke taruwa.