Liƙin Azurfa a Maƙerar Gida
Jawabin masu aikin ƙarfe a taron 'yan ƙungiya



An ce yau mu masu aikin ƙarfe mu yi bayani, to za mu yi shi a kan liƙin azurfa. Tun rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, da yawanmu mun kwashe kayan aiki mun koma zaure ko bayan ɗaki a Nyanya, Karu, Zuba da Dei-Dei. Wuta ta shigo gida ke nan, inda mata ke girki, yara ke wasa. Don haka maganar ta shafi kowa.

Aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Maƙeran fari na Kasuwar Kurmi a Kano sun daɗe suna liƙa azurfa da tagulla. Kalmar sinadari ma da muke ji a rediyo, asalinta abin da maƙeri ke liƙi da shi ne.

Mene ne bambancinsa da walda? Walda ƙarfen kansa take narkarwa, wajen digiri 1,500. A liƙin azurfa kuwa sanda ce kaɗai ke narkewa, wato haɗin azurfa da jan ƙarfe da tutiya, tsakanin digiri 600 da 800, ta bi cikin haɗin kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Shi ya sa siririn ƙarfe ba ya hujewa, kuma da shi ake haɗa bakin zarto na masu katako da bututun firji. Da gas ake yi, ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba.

Inda yaranmu ke faɗuwa shi ne gaggawa. Azurfa ba ta kama tsatsa, ba ta kama maiƙo. A goge da magagari da sanfefa sai ƙarfe ya yi fes, kada a sake taɓa wurin da yatsa. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu kada ta wuce kaurin takarda, don azurfa ba ta cike rami. A ɗora ɗaya kan ɗaya, hawan ya kai ninki uku na kaurin ƙarfen. Sai a dama garin liƙi da ruwa a shafa. Garin nan shi ne agogonku: zai yi kumfa, ya bushe, sannan ya koma garau kamar ruwa, ƙarfe ya yi ja-ja. To a lokacin ake taɓa sanda. Zafin ƙarfe ne zai narkar da ita, ba harshen wuta ba. Wanda ya ɗora wuta kan sanda, sai ta dunƙule ta zauna a sama, ya yi asarar azurfa, kun kuwa san tsadarta. In ya huce a wanke da ruwan zafi, don ragowar garin na jawo tsatsa.

Masu gyaran firji, ku ji wannan da kyau. Sandar nan mai araha, mai fosforas, ta jan ƙarfe da jan ƙarfe ce. In kuka liƙa baƙin ƙarfe da ita zai yi kyau a ido, amma haɗin gautsi gare shi, in inji ya yi ta girgiza sai ya tsage, gas ya tsere, mai shago ya yi asarar kaya. Sunanmu duka ke ɓaci, a ce aikin Bahaushe ne.

Sai maganar rai. Akwai sanda mai kadmiyom, tana saurin narkewa, wasu na sonta. Hayaƙinta na ƙona huhu, yana kisa, kuma illar ba ta bayyana sai bayan sa'o'i. Tarayyar Turai ta hana sa shi a sandar liƙi tun 2011. Sandar da ba rubutu a jikinta ko kwalinta, mu dai ba ma saye. Haka ƙarfe mai rufin tutiya, irin bututun famfo, hayaƙinsa na kawo zazzaɓi da daddare, mutum ya ɗauka cizon sauro ne. Tankin mai kuwa, ko ya shekara babu mai a ciki, ba aikin gida ba ne.

Roƙonmu ga masu gidaje da iyayen yara masu koyo: ku sa ido a yi liƙi a fili inda iska ke wucewa, da bokitin yashi a kusa, kuma tukunyar gas kada ta kwana ɗaki ɗaya da mutane. Wanda ke son ganin yadda garin nan ke komawa ruwa ya same mu bayan an tashi taro, mun zo da kayan.