Taimakon Gaggawa da Iskar Oksijin: Nauyin da Ke Kan 'Yan Gida Mazauna Birane



Duk wanda ke zaune a birni cikinmu ya san kiran wayar nan da ke zuwa daga gida cikin dare: yaro ba lafiya, ko matar ƙane tana naƙuda abu ya ƙi. Abin da muka saba yi shi ne mu aika da kuɗi, mu ce Allah ya sawwaƙe. Kuɗi na da amfani, amma a irin wannan lokaci abin da ya fi su tsada shi ne sanin wace cuta ce za ta iya jiran wayewar gari, wacce kuma ba za ta jira ba. Tunda mu ake kira, mu ya kamata mu san tambayar da za mu yi da umarnin da za mu bayar.

Mu fara da numfashi, domin shi ne ya fi saurin ɗauke rai. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, kuma ya wadatar da mai lafiya. Idan ciwon haƙarƙari, wato namoniya, ya kama huhu, wannan kaso ba ya isa jini. A buɗe ƙirjin yaro a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan ya kai 60, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ƙasan ƙirji na lotsawa ciki, ko leɓe ya sauya launi, ko yaro ya kasa kama nono, a nufi asibiti nan take. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa, wadda ke nuna yawan oksijin da ke cikin jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Wanda ya faɗi ƙasa da 90 yana bukatar a sa masa oksijin tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mai asma kuwa, abin shaƙa na salbutamol ke buɗe masa hanyar iska, kuma bai kamata ya rabu da shi ba, musamman da hunturu.

Na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ke cika asibitocinmu daga tsakiyar damina zuwa kaka. Alamominsa su ne jijjiga, amai ba ƙaƙƙautawa, fita hayyaci, da tafin hannu ya yi fari saboda ƙarancin jini. Wani babban bincike da aka yi kan yaran Afirka a 2010 ya nuna allurar atesunat ta fi kwinin ceton rai, kuma ita ce maganin farko a yau. Akwai ma na cusawa ta dubura ga yaro ɗan ƙasa da shekara 6, wanda ma'aikacin lafiya na ƙauye zai sa kafin a kama hanya. Idan yaro na jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa tufa. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a kanga ƙafarsa a wuta, kada a turara masa hayaƙi. Jijjigar da ta wuce minti 5 tana bukatar dayazifam daga hannun ma'aikaci, tare da duba sukarin jini.

Ba mu manta da sanƙarau ba. Annobar da ta bazu a Arewa daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 a Ƙaramar Hukumar Zurmi aka fara ganinta, kuma ta kashe mutum fiye da 1,000 a ƙasar nan. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya a lokacin bazara, ba a kwana da su a gida. Haka amai da gudawa: kafin a isa asibiti a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba mara lafiya kurɓi-kurɓi.

Sai iyayenmu mata. Abu biyu ke ɗauke su a wajen haihuwa fiye da komai: zubar jini da jijjiga. Mai ciki da ke kukan ciwon kai mai tsanani, ganinta na dishewa, fuska da hannu sun kumbura, hawan jini ne ke yi mata sallama, kuma allurar magnesiyam salfet ce ke tare jijjigar. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2. Maganinsa oksitosin, wanda zafi ke lalatawa idan babu firji, da ƙwayar misofurostol, da allurar tsayar da jini ta turaneksamik, wadda ake so a yi cikin awa 3 da haihuwa. Maigidan da ke birni ya bar izini tun kafin watan haihuwa ya kama, don kada a tsaya neman sa a waya jini na zuba.

Halin tsaron da yankinmu ya shiga ya ƙara mana masu rauni. Wanda jini ke zuba daga jikinsa, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a ɗaga don leƙawa. Wanda kububuwa ta sara a gona, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a kai shi inda ke da allurar dafin maciji.

To, mene ne namu a ƙungiyance? Daga ƙauyukanmu zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau tafiya ce mai nisa, kuma hanya ba ta biyuwa da dare. Ke nan ceto na farko a Babban Asibitin Ƙaura Namoda da na Shinkafi da na Zurmi da ƙananan ɗakunan shan magani zai samu. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi shekaru suna aiki a Shinkafi da Zurmi, amma baƙo raɓa ne, gida na masu gida ne. Mun saba gina ɗaki mu manna allo da sunanmu, alhali ɗakin da babu oksijin a ciki inuwa ce kawai. A 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su wadata asibitoci da oksijin, bayan darasin da annobar korona ta koyar.

Shawararmu uku ce. Mu sayi na'urar awon oksijin ga kowane ɗakin shan magani, domin kuɗinta bai kai na wayar da ke aljihunmu ba. Mu samar da injin tace oksijin tare da sola da batir, tunda injin ba ya aiki sai da wuta, mu kuma ware kuɗin gyara da horar da mai kula da shi. Mu buɗe asusun magungunan gaggawa ƙarƙashin kwamitin da zai kawo lissafi kowace shekara, yadda za a yi wa mara lafiya allura tukuna, a yi maganar kuɗi daga baya. Waɗannan allurai aikin ma'aikacin lafiya ne, namu shi ne mu tabbatar suna nan a ranar da za a neme su.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kowane reshe ya ɗauki asibiti ɗaya, ya zo mana da rahoto a taron baɗi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lami lafiya.