Jawabi Kan Neman Gurbin Bincike A Fannin Hawan Jinin Ido



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban taro, malamai, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mazauna Sabo, ina gaishe ku gaisuwa irin ta addinin Musulunci. An nemi in yi bayani kan yadda ɗanmu likita zai nemi gurbin bincike a asibitin ido, a fannin ciwon da likitoci ke kira gilakoma, mu kuma muke ce masa hawan jinin ido. To, jama'a, a yi haƙuri in fara da ciwon kansa, don sai an san shi za a gane dalilin da ya sa maganar ta shafi kowa a nan, ba likitoci kaɗai ba.

Ido yana da ruwan da yake samarwa, yana da kuma magudanar da ruwan ke fita. In magudanar ta ƙi ja, sai matsi ya taru ya riƙa cin jijiyar gani a hankali. Yawanci ba zafi, ba ja, ba ƙaiƙayi. Ganin gefe ke fara tafiya, mutum yana cinikin goronsa bai san abin da ake ciki ba. Yanar ido akan cire ta gani ya dawo, amma wannan, abin da ya ci ya ci ke nan har abada. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An tarar kusan biyar cikin ɗari suna da ciwon, ɗaya cikin biyar na masu shi ya riga ya makance, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Dakta Fatima Kyari, wadda ta yi digirinta na uku a Landan a kan wannan ciwo, ita ta jagoranci fitar da waɗannan alƙaluma.

Yanzu ga 'ya'yanmu likitoci. Wannan gurbi ba na sabon likita ba ne. Sai ka gama bautar ƙasa, ka shiga horon ƙwarewa a ido, galibi ma sai ka samu shaidar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Daga nan ne za ka dubi wurare irin su asibitin koyarwa na UCH da ke nan kusa da mu, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Aravind a Madurai ta Indiya, ko Moorfields a Landan.

Kafin ka cika takarda, ka tambaya da kyau: gurbin na bincike ne zalla, ko har da duba marasa lafiya da fiɗa? Akwai bambanci babba. Wani kan shekara guda yana tattara alƙaluma a kwamfuta bai taɓa idon kowa ba. A Ingila ba za ka taɓa majiyyaci ba sai ka yi rajista da hukumar likitocinsu, ka ci jarrabawar Turanci. Ka kuma tambayi wa zai biya, domin wasu guraben ba albashi.

Tarihin aiki, da lasisi, da wasiƙun manyan da suka koyar da kai, da takardar sakinka daga wurin aiki, kowane mai nema zai kawo su. Inda ake tsere shi ne takardar da za ka bayyana abin da kake son bincikawa. Nan ne nake ganin yaranmu suna raina abin da ke hannunsu. Sai ka ga yaro ya kwaso tambayar da sai da na'urar miliyoyi za a amsa ta, alhali ga tambaya a ƙofar gidansu. Me ya sa mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ido ɗaya ya tafi? Me ya sa dattijo ke daina ɗiga magani da zarar kwalbar farko ta ƙare? Kuɗi ne, ko kuwa bayanin da aka yi masa da Yarbanci ko Turanci ne bai shiga ba? In uba yana da ciwon, 'ya'yansa nawa ke zuwa a auna su, tunda abin yana bin jini?

Kada ku ce waɗannan ƙananan tambayoyi ne. A Moshi ta Tanzaniya an gwada maganin ɗigawa na timolol da gashin haske na leza, aka buga sakamakon a 2021. Bayan shekara guda, lezar ta riƙe matsin ido a kusan kashi 61 cikin ɗari, maganin ɗigawa kuwa kashi 31. Daga damuwar majiyyatan wurin aka ɗauko tambayar. Kai kuma ɗan Sabo kana jin Hausa, kana jin Yarbanci, kana iya shiga zaure a ba ka tabarma. Ka rubuta wannan a takardarka ƙarara, don masu zaɓe sun san bincike ba ya tafiya in jama'a ba su yarda da mai yinsa ba. Sai dai ka sani, kafin ka auna idon ko mutum ɗaya da sunan bincike, dole kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince, shi ma majiyyacin ya yarda da bakinsa.

Iyaye da attajirai, ga naku. Wanda ya tafi wata shida ko shekara yana barin iyali da haya. In ƙungiya ta ɗauke masa wannan, tana da bakin ce masa ya dawo ya duba mu. Ina roƙon shugabanni su sa maganar cikin ajandar zama na gaba. Kafin nan, duk wanda ya kai 40, ko aka taɓa samun makanta a gidansu, ya je a auna masa matsin ido a duba jijiyar, ko da yana gani garau.

Allah Ya kare mana ganinmu. Wassalamu alaikum.