Rundunoni Na Musamman Da Cin Hanci: Ina Rabon Makiyayi?

Masu girma sarakunan Fulani da sarakunan zango, ardo-ardo, malamanmu, iyayenmu mata, da 'yan'uwa makiyaya da dillalan kara da suka taso daga Salaga da Yendi da Bawku, muna yi maku barka da zuwa, Allah ya saka maku da alheri bisa wahalar hanya.

Maganar da aka ɗora mana ita ce aikin rundunoni na musamman da gwamnati ke kafawa domin binciken cin hanci da wawurar dukiyar jama'a, da kuma ko makiyayi yana da wani rabo a wurinsu.

Mun san idan aka ce runduna ta musamman a gaban Bafulatani, gabansa faɗuwa yake yi, domin wadda ya sani ita ce ta sojoji da 'yan sanda da aka raɗa wa suna Operation Cow Leg, wato Ƙafar Saniya. Da ita aka kori makiyaya a 1988, aka sake kora a 1999, kuma da ita aka riƙa harbin shanu a wajajen Agogo bayan hukuncin da babbar kotun Kumasi ta yanke a watan Janairu na 2012. To, abin da wannan ya nuna mana shi ne, idan gwamnati ta so abu, ba ta rasa mota ko man fetur ko bindiga. Saboda haka muna da ikon mu tambaya: rundunonin da aka kafa domin kama ɓarayin biro, su ma haka aka tsaya masu?

Bari mu ɗan koma baya. Tun asali binciken laifi aikin 'yan sandan ciki ne, wato CID. Amma satar da ake yi da biro da takarda ta fi ƙarfin wanda ya saba da bin sawun ɓarawon akuya, sai an haɗa da akanta da lauya. Shi ya sa a 1993 aka kafa ofishin binciken manyan zamba, SFO, wanda a 2010 aka canza masa doka da suna ya koma EOCO. A wannan shekara ta 1993 ɗin dai aka kafa hukumar kare haƙƙin jama'a ta CHRAJ a ƙarƙashin Emile Short, wadda ta yi ƙarfin halin bincikar wasu ministocin gwamnatin Rawlings a 1995 da 1996. Sai dai duk da laujen cikin naɗi. CHRAJ bincike take yi ta ba da shawara, ba ta da ikon gurfanar da mutum kan laifi. Sashe na 88 na tsarin mulkin 1992 ya damƙa wannan iko a hannun Antoni Janar, shi kuwa minista ne da shugaban ƙasa ya naɗa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Domin a toshe wannan kafa ne majalisa ta yi doka mai lamba 959 a 2017, aka kafa ofishin mai gabatar da ƙara na musamman, aka ba jami'ansa irin ikon da ɗan sanda yake da shi na kamu da bincike, aka naɗa Martin Amidu ya shugabance shi a 2018.

Mutanen Bawku ba sa bukatar a ba su labarin abin da ya biyo baya, domin a kansu aka fara gwada wuƙar. A 2019 ofishin ya gurfanar da ɗan majalisa mai wakiltar Bawku ta Tsakiya, Mahama Ayariga, a shari'u biyu. Ɗaya a kan shigo da motoci uku ƙirar Land Cruiser, ɗaya a kan yadda aka sayo motar ɗaukar marasa lafiya domin majalisar garin Bawku. A shari'ar motocin, alƙaliya ta soke wasu daga cikin tuhume-tuhumen tun da farko, ta ce batun harajin kwastan ba ya cikin hurumin ofishin. A shari'ar motar asibiti kuma, a watan Mayu na 2021 kotu ta sallame shi da sauran waɗanda ake tuhuma tare da shi, ta ce masu ƙara ba su kawo hujjar da za ta sa a nemi su kare kansu ba. Abin da ya rage na shari'ar farko, Kissi Agyebeng da ya gaji ofishin ya janye shi a watan Oktoba na shekarar. Kafin nan ma Amidu ya riga ya ajiye aiki tun Nuwamba na 2020, yana zargin fadar shugaban ƙasa da katsalandan, zargin da fadar ta musanta.

Ba mun kawo wannan don mu ɓata sunan kowa ba. Wanda kotu ta wanke ya wanku. Mun kawo shi ne domin a ga cewa babban suna da rigar doka ba su cin shari'a. An shafe shekara biyu ana kai da kawo tsakanin Bawku da Ankara, babban birnin ƙasa, ƙarshe babu ko kwabo da ya dawo aljihun gwamnati.

To, ku kwatanta da wani aikin da ofishin nan dai ya yi a Yankin Arewa, inda Yendi take. A ƙarshen 2023 ya haɗa kai da ofishin babban akanta na ƙasa suka bi takardun albashin ma'aikata suna bayan suna. Suka tarar da matattu da waɗanda suka yi ritaya da waɗanda suka bar aiki duk ana biyansu, har da wata makarantar firamare a gundumar Kumbungu wadda babu ita a doron ƙasa amma tana da malamai a takarda. A watan Janairu na 2024 kaɗai aka tsayar da albashin da ya haura sidi miliyan 2.8, kuma a 2025 mutum shida suka amsa laifi a babbar kotun Tamale suka mayar da kuɗi. Me ya bambanta wannan da na Bawku? Takarda. Akwai suna, akwai lamba, akwai wanda ya sa hannu a ƙarshen kowane wata. Haka ma shari'ar GYEEDA, wadda EOCO ta bincika, har aka ɗaure Abuga Pele shekara 6 da Philip Assibit shekara 12 a 2018: sawun kuɗi aka bi daga takarda zuwa takarda.

Nan ne gizo ke saƙar, 'yan'uwa, domin irin cin hancin da ke cin makiyayi ba ya barin takarda. Motar shanu ta taso daga Bawku ta bi Bolgatanga da Tamale zuwa Kumasi, ko ta taso daga Yendi ta ratsa Salaga zuwa mashigin Makango ta haye Yeji, kowane shinge sai an miƙa na goro, saboda direba ya san idan aka tsayar da shi cikin rana dabbobi za su galabaita, asarar saniya ɗaya kuwa ta fi abin da ake nema sau ɗari. Shanu sun shiga gona an kama yaro, sai a ce beli bijimi ne, alhali beli a caji ofis kyauta ne, kuma tsarin mulki ya ce cikin awa 48 a kai mutum kotu ko a sake shi. An karɓi kuɗin zama a ƙasa daga hannun mai ruga, shekara ta zagayo a ce ba a san da zamansa ba, domin babu rasit. An kama shanun sata, kafin mai su ya iso adadinsu ya ragu. Duk wanda ke zaune a nan ya san waɗannan, amma ku ce mai bincike ya zo gobe daga Ankara, me za mu ɗora masa a kan tebur?

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da CHRAJ da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun laifuka ya nuna cewa a 2021 an ba da toshiyar baki ta kimanin sidi biliyan 5 a ƙasar nan, kuma fiye da rabin waɗanda suka yi hulɗa da ɗan sanda, kashi 53 cikin ɗari, sun bayar ko an nema a wurinsu. Waɗanda suka kai ƙara kuwa ba su wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Idan ɗan birni mai katin shaida da Turanci a baki ya yi shiru, ina ga wanda aka haifa a ruga a ƙasar Gwanja, kakansa ma nan aka binne shi, amma har yau ana tambayarsa daga wace ƙasa ya zo? Kuma kada wani ya ce dabba ba ta zama hujja. A 2015 ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya ɗauki hotunan alƙalai suna karɓar kuɗi, wasu har da awaki da doya, kuma kafin shekarar ta ƙare an kori alƙalan ƙananan kotuna 20. Akuyar da aka gani a hoto ita ta yi magana.

Akwai kuma tambayar wa zai binciki ɗan sanda. Rundunar tana da sashen ladabtar da jami'anta, wanda aka fi sani da PIPS, yanzu ana ce da shi PPSB. Muna ba da shawara a riƙa kai masa ƙara, domin ko ba komai za a rubuta. Amma ɗan sanda ne ke bincikar ɗan sanda, kuma ba mu manta da samari bakwai na zangon Asawase da aka harbe a Manso Nkwanta a watan Yuli na 2018 aka ce 'yan fashi ne ba. Sai da mutanen zango suka tashi tsaye aka kafa kwamiti daga wajen rundunar, kwamitin ya ce bai ga hujjar cewa 'yan fashi ne ba, sannan aka dakatar da jami'ai 21. A ganinmu ƙasar nan tana bukatar hukumar sauraron ƙorafi kan 'yan sanda wadda ba ta ƙarƙashin Sufeto Janar, kuma ya kamata ƙungiyarmu ta sa baki cikin masu wannan kira.

Kafin a kai ga haka, akwai doka a hannu wadda yawancinmu ba mu san da ita ba, wato dokar masu fallasa ta 2006 mai lamba 720. Ta yarda mutum ya kai bayani ga sarki, ko shugaban addini, ko ɗan majalisar gunduma, ko CHRAJ, ba lalle sai caji ofis ba. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa da baki, a rubuta, a karanta masa cikin harshen da yake ji, ya danna yatsa. Tsarin mulki kuma ya wajabta wa CHRAJ buɗe reshe a kowane yanki da gunduma, don haka ba sai an yi kuɗin mota zuwa Ankara ba.

Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai waɗanda a cikinmu shanunsu za su cinye gonar manomi, maimakon su biya shi diyya sai su kai maraƙi inda za a kashe maganar. Manomin ya koma gida da haushi, haushin kuma a kan ruga ta gaba yake sauka. Doka tana kama mai bayarwa kamar yadda take kama mai karɓa, kuma tun gyaran da aka yi mata a 2020 hukuncin ɗauri ne daga shekara 12 zuwa 25. Ƙungiya za ta tsaya wa wanda aka tatsa da ƙarfi, ba za ta tsaya wa wanda ya sayi gaskiyar wani ba.

Abin da muke roƙo daga rassa uku shi ne kowanne ya ajiye littafi guda a hannun sakatare. Duk wanda aka karɓi wani abu a wurinsa ya zo a rubuta rana da wuri da adadi, kuɗi ne ko dabba, da lambar mota ko sunan da ke ƙirjin riga idan an gani, da mutum biyu da suka shaida. Wanda ya tura ta waya kada ya goge saƙon, domin lambar da ta karɓa tana da mai ita. Duk kuɗin da aka biya na kara ko na malamin dabbobi ko na majalisar gunduma a nemi rasit, a adana shi cikin leda kamar yadda ake adana katin allura. Yarjejeniyar zama da mai ƙasa a rubuta ta, a sa shaidu daga ɓangaren manoma. Ƙorafin mutum ɗaya ana iya cewa ƙarya ce ko ƙiyayya, amma idan littafin Salaga da na Yendi suka nuna shinge ɗaya da adadi ɗaya wata shida a jere, wannan ya zama irin abin da mai bincike ya iya aiki da shi. Sunan ƙungiya ne zai hau kan takardar ƙara, sunan mai ruga ya tsaya a littafi har sai lauya ya ga ya dace a fito da shi.

Sakatarorin rassa su tsaya bayan sallar la'asar a nuna masu yadda za a ja layukan littafin.