Zaman Ribaɗi a Tambuwal: Tsaron Iyaka da Neman Abinci

Sharhin yau ya shafi zaman ribaɗi a kudancin Sakkwato, da yadda mazaunansa suka riƙa samun abinci.

Ribaɗi gari ne mai ganuwa da aka riƙa kafawa a bakin iyaka, domin jama'a su zauna da iyalansu su tsare ƙasar Musulmi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya hau mulki a 1817, ya ba wannan tsari ƙarfi, kuma ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a Tambuwal, inda garin ya fuskanci Kabawa da ba su daina yaƙi ba.

To, da me mutanen suka rayu? Da farko noma ne, domin wanda ya tsare iyaka da rani shi ne mai shuka gero da dawa da damina. Sannan kiwo, domin Bello ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su koyi noma, su sa 'ya'yansu karatu. Sai kuma sana'a da kasuwa, domin gari ba ya tsayuwa sai da maƙera da masaƙa da majema.



Masu sauraro, kamar mazauna ribaɗi na da, manoma da makiyayan Tambuwal da Kebbe a yau suna buƙatar tsaron da zai bar su su yi noma da kiwo, kuma wajibi ne hukuma ta samar da shi.