DABINO KO LEMO: WANNE ZA MU SAYA DON BUƊA BAKI?

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ya gabatar a zaman masu hidimar buɗa baki, bayan da saɓani ya taso kan abin da za a saya da kuɗin da aka tara. A sha karatu lafiya.

  

A zamanmu da ya gabata wasu 'yan uwa sun ce a zuba kuɗin duka a dabino, tunda shi ne sunna, kuma ba ya ruɓewa. Wasu suka ce a raba, a sayi lemo da kankana. Ni ina tare da masu cewa a raba, ga kuma dalilina.

Mu fara da sunnar ita kanta. A hadisin Anas ɗan Malik, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah (S.A.W.) yana buɗa baki ne kafin salla da ruɗab, wato nunannen dabino ɗanye mai ruwa a jika. Idan babu shi sai ya ci tamr, busasshe. Idan shi ma babu sai ya kurɓi ruwa. To ku lura da jerin: ɗanye ne a gaba. Mu a nan abin da ya fi zuwa hannunmu busasshe ne, irin wanda ake kawowa daga Agadas da Bilma, shi ya sa muka ɗauka shi kaɗai ne dabino.

Me ke faruwa idan 'ya'yan itace suka bushe? Ruwa ne ke fita, sauran abubuwa su dunƙule wuri ɗaya. Lemon zaƙi kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, kankana kusan 92, amma busasshen dabino ruwansa bai wuce kashi 20 da 'yan kai ba. Sai an shanya inabi kimanin kilo 4 kafin a sami kilo 1 na zabibi. Saboda haka ƙarfin abinci, wanda masana ke aunawa da kalori, ya fi yawa a busasshe nesa ba kusa ba. Giram 100 na dabino yana da kalori kusan 280, na lemo 47, na mangwaro 60. Ƙwara uku na ƙaramin dabino sun kai lemo guda matsakaici. Ga wanda ya wuni da yunwa wannan alheri ne, domin nan take zai ji ƙarfi ya tashi salla. Haka kuma bushewa ba ta taɓa gishirin jiki irin su fotasiyam, ba ta taɓa ɗan dusar nan da ke tausasa bayan gida, abin da masu azumi da yawa ke kuka da shi.

Amma akwai abin da ke tafiya tare da ruwan. Bitamin C ba ya jure zafi da iska. Giram 100 na lemo yana da wajen miligiram 50, dabino busasshe kuwa kusan babu. Shi wannan bitamin shi ke taimaka wa dasashi da warkewar rauni, kuma shi ke taimakon hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye. A nan zan ɗan ratse. Mun sha jin ana cewa dabino na ƙara jini. Ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne, wajen miligiram 1 a giram 100. 'Yar uwa mai juna biyu da aka ce jininta ya yi ƙasa, kada a ba ta dabino a ce an gama. A kai ta asibiti.

Cikin busassun akwai guda da ya fita daban, shi ne ƙwame, 'ya'yan kuka. A busasshe yake tun yana cikin ɓawonsa, kuma garinsa yana riƙe da bitamin C mai yawa. Ga shi a kasuwa da araha, amma mun bar wa yara tsotso. A dama shi da ruwa mai sanyi, kada a tafasa.

Abin da ya fi damuna shi ne dattijanmu masu ciwon suga. Fiye da kashi 60 cikin ɗari na busasshen dabino sukari ne. Bara da idona na ga wani baba da na san yana shan magani, ya ci ya kai ƙwara goma kafin a tada iƙama, ya bi da kunu mai sukari. Ban iya yi masa magana ba, don kunya, kuma har yau abin na cina. Dabino ba ya cika ciki, shi ya sa hannu ba ya tsayawa, alhali da ƙyar mutum zai shanye lemo uku a zama ɗaya. Mai wannan ciwo ya nemi shawarar likita tun kafin wata ya kama, mu kuma masu rabo mu daina tara masa a gaba da sunan girmamawa. Yara kuma a sa su yin asuwaki, domin zaƙin busasshe yana manne wa haƙori.

Sai maganar ajiya. Gaskiya ne dabino na daɗewa, amma yana yin ƙwari, idan kuma ya sha danshi ya yi fumfuna. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (S.A.W.) tsohon dabino, sai ya rinƙa bincika shi yana fitar da tsutsar ciki. Don haka masu zuwa kasuwa su tsaga 'yan ƙwarori su duba kafin su biya kuɗin buhu. Wanda ya yi fumfuna a zubar, kada a wanke a raba wa bayin Allah.

Shawarata ita ce a sayi dabino tun yanzu kafin farashi ya tashi, a lissafa ƙwara uku ga kowane mutum. Sauran kuɗin a ajiye wajen ma'aji, kullum da la'asar a sayo lemo ko kankana gwargwadon na ranar, a yanka dab da magariba, a rufe saboda ƙuda. Muna buƙatar 'yan uwa biyu da za su ɗauki zuwa kasuwa, su ba da sunayensu kafin a tashi.