Tana, Gawo da Numfashin Ƙasar Noma a Jega, Aliero da Maiyama



Manomin fadama a Jega ta jihar Kebbi ba ya buƙatar a gaya masa amfanin tana. In ya ga kashinta ya tattaru a bakin kunya, ya san ƙasar tana da rai. Masana ma sun yarda da shi: a 2014, Jan Willem van Groenigen na Jami'ar Wageningen da ke Holan da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje masu yawa, suka gano tana na ƙara amfanin gona da kimanin kashi 25 cikin ɗari.

Sai dai shekara guda kafin nan, wata ɗalibar digirin digirgir a jami'ar, Ingrid Lubbers, ta fitar da sakamakon da ya girgiza masana. Inda akwai tana, iskar kabon da ke fita daga ƙasa kan ƙaru da kashi 33, ta naitiros oksaid kuma da kashi 42. Cikin tana damshi ne, babu iska, ga abinci. A nan ƙwayoyin halitta ke juya naitirojin ya koma naitiros oksaid, wanda a cikin shekara 100 ƙarfinsa na ɗumama duniya ya ninka na kabon sau 273.

To, a kashe tana ke nan? Ko kusa. Binciken 2014 ya nuna amfaninta ya fi bayyana inda ake barin karmami da tattaka a gona, yana kuma dusashewa inda aka cika ƙasa da naitirojin. Abin dubawa shi ne yawan takin da ake zubawa da lokacin zuba shi.

Wannan ya shafi yankin nan kai tsaye. Mai albasa a Aliero da ya watsa yuriya a saman fangali sannan ya sako ruwa, wani kaso na takin iska ke kwashewa: kuɗinsa ya tafi, sama ta ƙara zafi. Mai shinkafa da ke barin ruwa kwance wata da watanni, gonarsa na fitar da gas ɗin metan. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta nuna cewa barin fangali ya tsane kafin a sake ban ruwa yana rage gas ɗin, yana kuma rage kuɗin man inji.

A gonakin tudu irin na Maiyama kuwa, maganar ta itace ce. Gawo kan zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa kuma ta ƙara wa ƙasa naitirojin. Inuwarsa da rani na tara dabbobi, su bar kashi. A irin wannan busasshiyar ƙasa gara ce ke yin yawancin aikin tana. Manoman Maraɗi, tun daga 1983, sun koma renon tohon kututture, abin da suke kira sassaben zamani, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Yawancin gwaje-gwajen da Lubbers ta tattara na ɗan gajeren lokaci ne, da yawansu a tukwanen gwaji. Aikin da ke jiran Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006 kuma take da gonar bincike a Jega, shi ne awo a gonar gaske: a kife akwatin tara iska a fangalin albasa, a fadamar shinkafa, a ƙarƙashin gawo da nesa da shi, a zuƙi iskar da sirinji rani da damina, a ƙidaya tana da gara a kowane wuri. Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, kuma alƙaluman Kebbi daga gonakin Kebbi ya kamata su fito.

Allah ya ba da damina mai albarka.